Kundin aikin WRX: daga dif mai ruwan silikon zuwa DCCD

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na yarda cewa motar ba ta da lafiya. Mako uku ke nan ina jin abin, ina ɗora laifin a kan duwatsun ƙofar gida. Da safe in na fito da ita tana juyawa sumul. Amma in na dawo daga Zariya ta ɗau zafi, na murɗe sitiyari har ƙarshe zan shiga gida, sai ta riƙa turjewa tana tsalle, tayoyin baya na ƙwaƙular ƙasa, daga ƙarƙashin kujera kuma ana jin ƙas-ƙas-ƙas, kamar an ja hambirki rabi an manta.

Motar Subaru Impreza WRX ce ta 2003, 'yar Kwatano, wadda aka ƙera wa kasuwar Amurka. Injinta EJ205 ne mai lita 2 da turbo, dawaki 227 a takarda, giya biyar na hannu. Shekara huɗu tana hannuna, kuma ina ƙaunarta ƙwarai.

Na kai wa Baba, makaniken da ke duba min ita tun ranar da ta shigo Kaduna. Na zaci shaf ɗin gaba ne. Ya sa na yi ta zagaye a filin gareji, hagu sau uku, dama sau uku, shi yana tsugune yana kallon tayoyi. Da na tsaya ya ce, "Injiniya, ciwon nan ba a ƙafa yake ba, a ciki yake. Gaba da baya ne suke rigima."

Ga abin da yake nufi. In mota na shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, don da'irar da suke bi ta fi faɗi. Tsakanin aksul ɗin gaba, wato layin da tayoyin gaba biyu ke kai, da na baya a wannan motar mita 2.525 ne. In tsakiyar aksul ɗin baya na bin da'ira mai nisan mita 4 daga cibiya, na gaba yana bin mai mita 4.7 da ɗoriya. Bambancin ya kusa kashi 18 cikin ɗari. A motar da ƙafa huɗu ke ja, dole a sami abin da zai bar gaba ya fi baya gudu alhali duka suna karɓar ƙarfi daga inji ɗaya. Wannan shi ne aikin difarenshal ɗin tsakiya, wanda ke zaune a wutsiyar giyabos. Zan riƙa ce masa dif ɗin tsakiya. Nawa ya daina sakin hannu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kwance ko noti ɗaya na so in san me ya kashe shi, don kada in sa sabo ya bi sahun tsohon.

Mun je wajen mai faci, aka daidaita iska, aka ɗaga motar, muka zagaya kowace taya da tef ɗin tela. Sai na karanta rubutun gefen taya da kyau, abin da ban yi ba ranar da na saye su. Na gaba 205/55R16 ne, girman da motar ta zo da shi. Na baya biyun, waɗanda na saya Beljiyom bara saboda sababbi sun yi tsada, 215/55R16 ne. Da ido ba ka rabewa. A lissafi kuwa, kewayen ta gaba milimita 1,985 ne, ta baya 2,020. Tazarar milimita 35. Abin da masu irin wannan mota ke bi shi ne kada tazarar ta wuce kwatan inci, wato milimita 6 ko kusa.

Na zauna da biro da takarda da daddare. A kowace kilomita tayar gaba na juyawa sau 504, ta baya sau 495. A ninka bambancin, wanda in ba a cike lamba ba 8.6 ne, da 3.9, wato ragin da ke tsakanin dif da taya, sai ya zama ɓangarori biyun dif ɗin tsakiya suna goga juna kusan sau 34 a kowace kilomita, a kan miƙaƙƙen titi, ba kwana ba santsi. A gudun 120 ya zama sau 68 a minti. Daga nan zuwa Abuja kusan kilomita 190 ne, sama da juyi 6,000 ke nan a tafiya guda, kuma na yi wannan tafiyar ba adadi a cikin shekarar. Abin da aka ƙera don ya yi aiki na daƙiƙa biyu ko uku lokacin da taya ta zame, na sa shi aiki awa biyu ba hutu cikin zafin Afrilu.

Akwai na biyu. Shekara biyu da suka wuce famfon mai ya mutu min a hanya, aka kira janwe, ya ɗaga gaba ya bar tayoyin baya a ƙasa, muka yi wajen kilomita 15 a haka. Da na faɗa wa Baba sai ya girgiza kai. Motar da ke ja da ƙafa huɗu ko dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota, ko a bar ta inda take. A wannan ranar gaba na tsaye cik, baya na gudu, dif ɗin tsakiya ne ya sha duka wahalar. Abin ya dame ni, don da na sani da ban yarda ba.

Na yi odar taya huɗu sababbi, iri ɗaya, girma ɗaya. Wannan ya riga komai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An buɗe. Alherin wannan giyabos shi ne ba sai an sauke shi duka ba. An ɗora motar a kan rami, aka zubar da man giya, aka cire salansa da farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya, da sandunan giya, aka sassauto wutsiyar, murfin baya ya fito, dif ɗin ya biyo hannu. Man ya yi baƙi yana ƙauri, maganaɗisun da ke kan notin zubar da mai kuma ya tara garin ƙarfe.

Dif ɗin gwangwani ne da bai fi ƙaramar tukunya ba. A cikinsa akwai giyoyi masu raba ƙarfi daidai wa daida, 50 gaba 50 baya. Tare da su akwai wani rufaffen ɗaki mai siraran faifai a jere, rabinsu na bin ɓangaren gaba, rabi na bin na baya, dukkansu cikin ruwan silikon mai kauri kamar zuma. In gaba da baya na tafiya tare, faifan na juyawa tare, ruwan ba ruwansa. In ɗaya ya zame, faifan su fara yanka ruwan, ruwan ya riƙe su, ƙarfi ya koma inda taya ke da kamu. Babu waya, babu kwamfuta, dabara ce mai kyau da sauƙi. Illarta ita ce zafi. In ruwan ya dahu fiye da kima ya lalace, faifan su manne, kuma ɗakin ba a yi shi don a buɗe a gyara ba.

Mun ɗaure shi a bais muka sa dogon ƙarfe. Da sanyinsa yana juyawa da ƙyar. Yaron gareji ya tafasa ruwa muka tsoma shi na ɗan lokaci, muka sake gwadawa, ko motsi. Gani ya kori ji. Boris ɗaya na giyar da ke miƙa ƙarfi baya shi ma ya fara ƙara in an juya shi da hannu.

Wani maƙwabcin gareji ya leƙo ya ba da shawarar da ake yawan bayarwa: a yi wa dif ɗin walda, a cire farfela, motar ta koma mai ja da gaba kawai, a huta. Na san mutane na yin haka, kuma na fahimci dalili, aljihu ne. Amma WRX ɗin da aka cire wa farfela ta rasa abin da ya sa aka ƙera ta. Baba ma bai bari na amsa ba, ya ce, "Wannan ba gyara ba ne, yanke ƙafa ne."

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mako biyu ina juya maganar. Hanya mafi sauƙi ita ce in nemo irin wanda ya mutu, in mayar, in kiyaye tayoyi. Ba abin kunya a ciki, kuma ga mafi yawan mutane ita ce daidai. Akwai kuma masu ruwan silikon da suka fi ƙarfin riƙo, waɗanda STI, sashen tsere na Subaru, ya yi wa masu gasar daji. Na asali ana kiransa mai kilo 4, akwai mai 20, lambar kuwa ta ƙarfin riƙo ce, ba ta nauyi ba. Na daɗe ina kallon mai 20 ɗin, sannan na bar shi. A kan tsakuwa zai yi daɗi, amma motata kwana shida a mako kan kwalta take, tana shiga layi tana fakin a kasuwa. Zan sayi ciwon da nake gudu ne da kuɗina, a sabon kwali.

Abin da raina ya kwanta da shi shi ne DCCD, dif ɗin da direba ke iya ƙara wa riƙo ko ya rage daga kujerarsa. Ya fara fitowa a Japan a 1994 a kan WRX Type RA STi, motar da aka yi domin masu gasar daji. Zamanin ke nan da Colin McRae ya ci kofin duniya na gasar daji da Impreza a 1995, kamfanin kuma ya ci na masu ƙera motoci shekara uku a jere, 1995 zuwa 1997. Richard Burns ya ƙara a 2001, Petter Solberg a 2003, shekarar da aka ƙera tawa. Tun ina saurayi hotunan shuɗiyar motar nan tana keta jar ƙasar Kenya a gasar Safari suke burge ni, don ƙasar ta yi kama da tamu. Mitsubishi sun bi wata hanyar a Evo VII a 2001, suka sa matsin mai ya riƙa matse faifan. Subaru da maganaɗisun lantarki suka yi nasu.

A DCCD na motar Impreza WRX STI ta 2006 da 2007, giyoyin da ke raba ƙarfi irin waɗanda ƙanana ke kewaya babba ne, kuma an tsara haƙoransu yadda kashi 41 zai tafi gaba, 59 baya. A gefe akwai koyil, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu. In an ba shi wuta sai ya jawo wani ƙaramin kuloci, shi kuma ya ja wani zobe mai ƙwallayen ƙarfe da ke hawa gangare, hawan nan ya matse babban kuloci mai faifai da yawa. Wuta kaɗan, matsi mai yawa. A cire wutar, ya saki nan take. Wannan sakin shi nake nema. Tsohon nawa ya iya riƙo, har ya mutu yana riƙe.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce in sauya giyabos ɗin gaba ɗaya da mai giya shida na STI, wanda dama ya fi mai biyar ƙwari. Dala ta haura naira 1,600, don haka na zauna da maman yara na shimfiɗa mata lissafin duka kafin in taɓa ko sisi. Ta ce in dai kuɗin makarantar yara na gefe, in yi. Na gode mata.

Asabar, 21 ga Disamba

Nan ne wurin da mutum zai iya ƙona dukiyarsa cikin kwana ɗaya, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Ban da na tsakiya, gaba da baya kowanne na da nasa dif, kuma a motata ragin dif ɗin gaba 3.90 ne, na baya, wanda ake kira R160, 3.545 ne. Ba su yi daidai ba, amma a wutsiyar giyabos akwai wasu giya biyu masu ragin 1.1. A ninka 1.1 da 3.545, a sami 3.90. Gaba da baya sun haɗu. Giyabos ɗin STI na Amurka na 2004 da 2005 ba shi da wannan ragin, nasa 1 da 1 ne, dif ɗinsa na baya kuma 3.90. In na ɗaura shi a kan R160 ɗina, baya zai nemi ya fi gaba gudu da kashi 10 cikin ɗari. Tayoyina da bambancinsu bai kai kashi 2 ba sun kashe dif a shekara guda. Kashi 10 ba zai kai mako ba. Na 2006 da 2007 kuwa sun zo da 1.1 ɗin, don haka suna zama da dif ɗina na baya ba tare da an taɓa shi ba.

Na zagaya kasuwar Panteka sau biyu. Akwai giyabos na Forester da Legacy, babu mai shida. Wani ya kira ni daga Legas ya ce yana da shi, na ce ya turo hoton takardar da ke manne a kan giyabos ɗin. Mai biyar ɗina lambarsa da TY754 ta fara, mai shida da TY856, haruffan da ke biye kuma su ke faɗin shekara da kasuwa. Nasa ya fito daga Japan ne, kuma ya kasa ba ni tabbacin ragin wutsiyar. Na haƙura da shi. A ƙarshe ƙanena da ke karatu a Amurka ya samo na STI ta 2006 da aka buge ta baya, tare da sandar giya da wayar ribas da cokalin kuloci da matashin da giyabos ke zama a kai. Na sa ya juya shaf ɗin yana ƙirgawa a bidiyo kafin ya biya.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Ya iso. Mako bakwai tsakanin teku da tashar Legas da babbar mota. Motar kuwa tun Nuwamba tana ƙarƙashin tamfol, ƙurar hunturu ta yi mata riga. Mutum huɗu suka sauke akwatin, don ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba. Abu na farko da na yi shi ne ɗora mita a kan wayoyi biyun koyil. Ya nuna ƙasa da om 2, bai yanke ba, bai kuma taɓa jiki ba. Na yi hamdala.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Asabar biyu da yammacin ranaku uku aikin ya ci.

Kulocin wannan motar irin wanda ake ja ne, ba turawa ba, don haka giyabos ba ya rabuwa da inji sai an zare sandar da cokalin kuloci ke juyawa a kai. Akwai wani murfi da ake kwancewa da makulli mai kusurwa shida na milimita 10, sannan a ɗaura kusa ta milimita 6 a cikin sandar a jawo ta. Yaron gareji bai sani ba, ya ɗauko ƙarfe zai ɓanɓare. Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai yaro, abin da bai fito da lalama ba, akwai abin da ke riƙe da shi. Nemo shi." Ya nuna masa murfin, ya bar shi ya zare da kansa. Na ji daɗin ganin haka.

Sabon giyabos ya fi tsohon tsawo, farfelata ta yi masa yawa. Ta WRX mai giya otomatik ta irin shekarun ita ce ke shiga daidai, kuma bakinta na baya ya dace da R160. Wannan a Legas aka samo ta. Shaf ɗin gaba na 2003 mata ne, suna shiga kan wasu gajerun sanduna da ke leƙowa daga giyabos a soke su da fil, shi kuwa na 2006 rami gare shi. Dama na yi odar gajerun sandunan da zobbansu da silin mai da ya dace da su, suna cikin akwatin. Tunda an buɗe, na sa sabon faifan kuloci. Man giya 75W-90 GL-5, ya sha lita huɗu da ɗan ɗori, inda tsohon ke shan uku da rabi. Na baya ma an sauya masa.

Kafin a sauke ta daga jak na sa alli a tayoyi huɗu, muka tayar da inji, aka sa giya ɗaya a bar ta tana juyawa a hankali. Alamun suka riƙa dawowa tare. Sai a lokacin zuciyata ta kwanta.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya ragu. Ina hawanta haka nan, koyil ba wuta. Ko a haka ba a sake take sarai ba, don na 2006 yana da wani ɗan riƙo na ƙarfe zalla da ke aiki in an taka totur. Shiga gida ya koma kamar da, shiru. Abu ɗaya da zan gaya wa mai sha'awa: giya ta shida ba ta rage kukan inji a babban titi. Ta biyar a tsohon 0.738 ce, ta shida a wannan 0.756. Giyoyin sun matso kusa da juna ne kawai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan Sallah muka koma kan waya. Kwamfutar DCCD ta asali tana son ta ji daga na'urori da yawa, har da mai auna murɗin sitiyari, waɗanda motata ba ta da su. Don haka na sayi ƙaramin akwatin sarrafawa irin wanda ake yi wa masu wannan sauyin. Yana ba koyil wuta ne ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri ƙwarai. In lokacin kunnawa ya fi yawa riƙo ya ƙaru, in ya ragu ya sassauta. Yana da maɓallin juyawa na hannu, yana kuma da tsarin da yake yanke hukunci da kansa daga totur da wata na'urar da ke jin yadda mota ke karkata ko tsayawa.

Mai rewaya ya ja wuta ta fiyus ɗinta daban. Waya ɗaya ta tafi na'urar totur, ɗaya hambirki, ɗaya birki. Ta hambirki dole ce, don da zarar an ja shi dole dif ya saki, in ba haka ba kana ƙoƙarin tsayar da ƙafa huɗu ne da birkin ƙafa biyu. Ta birki kuma saboda ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, wanda ke son kowace taya ta yi gudunta don ya gane wadda ta kulle.

Kwana biyu muka sha wahala. Riƙon na zuwa yana ɗaukewa, fitilar akwatin na ƙyaftawa. Mun zargi koyil, mun zargi akwatin. Ashe wayar da muka kai jikin mota ce muka ɗaure a kan fenti. Aka kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, komai ya daidaita. Na kuma sa aka yi wa wayar totur dalma maimakon murɗawa da salatif, don ita kwamfutar inji ke saurare, wasa da ita wasa da inji ne. Na'urar jin karkata mun kafa ta a kan ƙarfe tsakanin kujeru, a shimfiɗe, kibiyarta na kallon gaba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ranar gwaji. Wani abokin Baba yana da fili a bayan gari inda ake ɗiban jar ƙasa, ya ba mu izini. Ba mutane, ba dabbobi. Irin wannan gwajin ba na titin jama'a ba ne, kuma ina roƙon duk mai irin motar nan ya riƙe wannan.

Mun jera tsofaffin tayoyi biyu, ina zagaya su kamar lamba 8, a giya ta biyu. Da maɓallin a ƙasa, motar na shiga kwana da son ranta, amma ina taka totur sai baya ya fita, in yi ta gyara da sitiyari, ƙura na tashi, gaba kuwa ba a ci sosai. Da na kai shi ƙarshe sai ta zama wata motar. Fita daga kwana kamar an harba kibiya, ƙafa huɗu na haƙa tare. Amma wajen shiga sai ta ƙi juyawa, hancinta na neman waje, sitiyari ya yi nauyi. Wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na sami abin da nake so: ta shiga, ta ɗan karkata, ta miƙe da kanta.

A nan na gane kuskuren da na daɗe ina ji a bakin mutane, har ni ma na taɓa faɗa. Ana cewa maɓallin yana sauya rabon ƙarfi daga 41 da 59 zuwa 50 da 50. Ba haka yake ba. Rabon 41 da 59 na cikin haƙoran giya, ba ya sauyawa. Abin da maɓallin ke sauyawa shi ne yawan bambancin gudu da za a yarda da shi tsakanin gaba da baya. In an kulle gaba ɗaya, ƙasa ce ke yin rabon: aksul ɗin da ya fi kamu shi ke ɗaukar kaya, ko da kusan duka ne. Na gwada da kaina, na sa tayoyin baya a kan yashi na gaba a kan tauri, a kulle ta fita kamar ba yashin.

A hanyar dawowa, a wani fili mai kwalta, na kulle shi na murɗe sitiyari a hankali. Ƙas-ƙas-ƙas ɗin Nuwamba ya dawo sak. Na juya maɓallin ƙasa, ya ɗauke. Baba na gefena, ya yi dariya ya ce, "To Injiniya, yanzu ciwon da maganin duk suna hannunka."

Asabar, 17 ga Mayu

Jiya da yamma aka yi ruwa mai ƙarfi, kuma ya same ni a hanya. Akwatin na kan tsarin kansa tun farkon wata. Na rage masa zafin hannu sau biyu, don da farko yana saurin kullewa da an ɗan taɓa totur, abin da ke sa ta turje a shataletale. Yanzu a tafiyar gari kusan a sake yake, sai an taka sosai yake kamawa. A wani gangare da laka ta malalo kan kwalta na ji tayar gaba ta fara zamewa, kafin in ɗaga ƙafa ya kama, motar ta wuce a miƙe. Na iso gida, na shiga da sitiyari a murɗe, shiru.

Yau da safe mun zubar da man giya bayan kilomita 1,500 don mu ga abin da ke ciki. Man garau, maganaɗisu da ɗan gari kaɗan. Silin hagu na gaba yana ɗan gumi, za mu sa masa ido. Mun sake auna tayoyi da tef, tazarar da ta fi yawa milimita 3 ce, aka juya su gaba zuwa baya. Na rubuta a murfin littafin mota cewa za a riƙa yin haka duk kilomita 5,000, na kuma manna takarda a cikin gilashi mai cewa kada a ja motar nan da ƙafa biyu a ƙasa.

Abin da ya rage shi ne R160. Yanzu yana karɓar kaso mafi girma fiye da wanda ya saba, don haka ba na fizgar ta daga tsaye. R180, dif ɗin baya na STI, zai zo da nasa shaf da wasu sauye-sauye a ƙafafun baya, wannan sai bayan damina in Allah ya kai mu. Tsohon dif ɗin Baba ya roƙa, na ba shi. Ya sa an yanka gwangwanin biyu da injin yanka ƙarfe, faifan sun fito baƙi ƙirin a manne da juna, ya ajiye shi a kan tebur yana nuna wa yaransa. Litinin zan koma a duba silin.